Farkon Fim ɗin Sojoji

Da hasken majigi ya faɗa kan farin ƙyallen a filin kasuwar Bakori, sai wani tsoho cikin 'yan kallo ya miƙe tsaye, don bai ji badujala ba.

Ya haddace farkon fim ɗin nan. Ganguna ne ke soma tashi, 'yan kallo su yi tsit, kowa ya gane fim ɗin yau ba na noman auduga ba ne, na yaƙi ne. Sai rubutun boko ya bayyana, a bayan rubutun kuma sojoji na maci. Na uku a sahu ɗansa ne, wanda aka kawo takardar rasuwarsa daga bakin daga bara. Yakan waiwayo sau ɗaya, kamar an kira sunansa, sannan ya wuce.

Saboda waiwayen nan tsohon ya bar dawarsa a gona tsuntsaye na ci, yana bin motar majigi a ƙasa, daga Malumfashi zuwa Ƙarfi, har ya iso nan.

Ya kutsa cikin jama'a zuwa wurin mai injin.

"Malam, ina farkon?"

"Ya cinye, Baba," in ji mai injin, ko ɗagowa bai yi ba. "Farkon fim ne ke fara lalacewa. Na sa almakashi na datse, na yar tun a Ƙarfi. Kwantar da hankalinka, ba ka rasa komai ba. Kiɗa ne kawai da sunaye, babu kowa a ciki."