Motar Tumatir da Ta Ƙi Tashi a Bakin Fadama

Zauna, ɗana, in ba ka wani misali, tun da ka ce gyaran da kuke yi a wurin aikinku ya ƙi ci, alhali kun taɓa duk abin da ido ke gani.

Wani manomin rani ya tsinke tumatirinsa da sassafe, kwando talatin da biyu, wahalar wata huɗu ta ban ruwa. Ya ɗauko wani direban a-kori-kura, aka loda kaya a bakin fadama. Niyyarsa ya kai su bakin titi, inda babbar motar 'yan gwari za ta tashi zuwa Kudu da azahar. In ta tafi ta bar shi, sai bayan kwana uku wata za ta zo, tumatir kuwa ba ya jiran kwana uku. Direba ya murɗa makulli. Injin ya juya lafiya lau, ya yi kamar zai kama, sai ya shaƙe. Ya sake murɗawa, haka. Nan da nan masu ban ruwa suka yar da fartanyoyinsu suka taru a gaban mota, kowa ya cusa kai ƙarƙashin bonet. Wannan ya ce batir ne. Wancan ya rantse an sayar wa direba fetur gauraye da kananzir. Wani har ya tsotso mai da bakinsa ya fesa a kafireto. Duk shawarar da aka kawo sai an murɗa makulli an gwada ta, kowace murɗa kuma tana shan ƙarfin batir, har muryar injin ta soma ja kamar numfashin mai jinya. Tura ta ba zai yiwu ba, domin tana cikin kwari, ga nauyin kaya. Rana ta ɗaga. Kwandunan sama suka fara tsiyayar da ruwa, manomi yana tsaye yana kallonsu.

Daga bisani aka aika ƙauye aka kira wani tsohon bakanike, wanda gani ya fara yi masa ƙaranci har ya bar gareji. Ya zo a kan keke, da 'yan kayan aikinsa naɗe cikin tsumma. Abin da ya fara yi shi ne ya zare makulli ya sa a aljihu. Ya ce, "Saura murɗa biyu a batirin nan. Ɗaya tawa ce, ɗaya ta mai tumatir." Sa'an nan ya bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya kwance fulogi guda ya shinshina, ya ji shi jiƙe da fetur, ya san mai yana isowa. Ya ɗora fulogin a jikin injin, ya miƙa wa direba makulli ya ce ya taɓa kaɗan. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya, mai kyau. Ya karɓe makullinsa. Ya cire matatar iska ya ɗaga ta sama, hasken rana ya ratsa ta. Mai akwai, wuta akwai, iska tana shiga, mota kuwa ba ta tashi ba. Mai zancen kananzir ya yi dariya ya ce, "To, Baba, kai ma ta kayar da kai ke nan." Tsoho bai dube shi ba. Ya goge hannu, ya tambayi direba a ina ya juya motar da ya zo. Direba ya ce da baya ya shigo, har sai da ya ji gindinta ya dunguri gaɓar ruwa, don a rage wa masu lodi tafiya. Tsoho ya bar su can gaba suna ta gardama, ya zagaya baya shi kaɗai, ya durƙusa da ƙyar, ya zura yatsa a bakin salansa. Laka ce, baƙar lakar fadama, ta cushe cikin bututun kusan taƙi guda, zafin ƙarfe ya gasa ta ta yi tauri kamar tukunya. Ya ɗauki sukudireba ya dinga ƙwaƙule ta a hankali har ya ga rami ya buɗe. Ya koma ya busar da fulogi, ya mayar da shi, ya ɗaure komai yadda ya same shi. Ya ce wa direba, "Mota kamar mutum take, ɗana. Wanda bai fitar da numfashi ba, ba zai shaƙi wani ba. Ga makulli." Murɗa ɗaya ta kama. Salansa ta tofar da sauran lakar, injin ya daidaita murya, manomi ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Sun riski babbar mota ana ɗaure igiyar tamfol.

Na zauna da irin mutanen nan, kuma ina alfahari da cewa a ƙasarmu aka yi su. Ba su da na'ura, sai hanci da yatsa da haƙurin bin abu daki-daki. Yawancinsu yanzu sun kwanta dama, ba wanda ya rubuta sunansu a ko'ina. Mutum goma sha ɗaya suka daɗe da kai cikin bonet, shi kuwa tsohon nan ya tafi inda ba a taru ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce, ba a nan take ba, an danne bodari a ka.