Hancin Marigayi

"Ƙara masa hanci," in ji Mai Kifi. "Allah bai yi masa rowar hanci ba."

Mai Zane ya zaro fensir daga bayan kunne, ya ƙara hanci. Karo na tara ke nan.

Tun da kogi ya cinye tsohuwar unguwarsu aka kwashe mutane zuwa kan tudu, ya rantse sai ya dawo da ita kaf a bangon zauren makaranta. Matan wanki, masu ɗinkin taru, har agwagwar nan mai bin liman da gudu, duk ya zana su da ka. Saura fuska ɗaya tal, ga shi ranar Asabar za a yaye labule.

Mijin Mai Kifi ne. Ya aure ta, ya rasu, duk a shekarun da Mai Zane ke birni yana rubuta allunan shaguna, don haka bai taɓa sa shi a ido ba. Hoto kuwa ambaliya ta tafi da shi, kamar yadda ta tafi da akuyar liman da madubin Mai Zane, wanda bai ga dalilin sayen wani ba. In ya bar gurbin nan fayau, rantsuwa ta kama shi, gari kuma ya sami abin dariya.

Da ya ce zai tambayi tsofaffin masunta, matar ta yi tsalle ta dire. "Ni na aure shi ko su?"

Shi ke nan, kullum da hantsi sai ga ta da 'yar kujera da kwanon kifi. Ta zauna ta kafe shi da ido tana siffantawa, shi kuwa yana cewa a ransa, Allah sarki, baƙin ciki ne. Tabo a girar hagu. Wushirya. Kunne ɗaya ya fi ɗan'uwansa buɗewa.

Kai, mutumin nan mummuna ne! Amma abin takaici, tuzurun namu mai shekara hamsin da biyar ya fara kishin mamaci. Ran Laraba, saboda tsabar mugunta, ya ɗora masa tumbi.

"Daidai!" in ji ta, har da tafi.

"Allah ya jiƙansa, baiwar Allah, amma me kika gani a jikinsa?"

"Kirki," ta ce. "Sai dai daƙiƙi ne. In ba zana masa abu aka yi a bango ba, ba ya ganewa."

Ta sa ya zana ta a gefensa cikin kwale-kwale, kafaɗa da kafaɗa. Ya zana yana cizon leɓe.

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil. Labule ya faɗi, wannan ya gano kakarsa, wancan ya gano ƙofar gidansu, aka yi ta kuka da dariya a haɗe. Da aka iso kan kwale-kwale sai kowa ya ƙura ido. Can mata suka kwashe da shewa.

"Ikon Allah," in ji wani tsohon masunci. "Marigayi ai gajere ne, mai sanƙo, hanci kamar an taka."

Mai Zane ya sake duban zanen. Shekara arba'in hannunsa bai yi ƙarya ba, yau ya yi ta a bainar jama'a. Ya waiga neman Mai Kifi, ya gan ta ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa.

"Kai dai ka ji kunya, ƙanena," in ji yayarsa. Ta zaro ɗan madubi daga jaka ta kara masa a fuska.

Marigayi ya dube shi daga ciki, da tabonsa da wushiryarsa, har da fensir a bayan kunne.