Minti Ashirin

A bangon ɗakin canza kaya na 'yan kwana-kwana akwai zanen da aka yi da baƙin fenti: ƙaton mutum mai tumbi da tabarau, ya miƙe ƙafa gaban kwamfuta. A ƙasa an rubuta "Gwani". Duk wanda ya dawo daga aiki sai ya cire jiƙaƙƙiyar safar hannunsa ya maka masa a fuska kafin ya zauna. Wata biyar ke nan ana yi, har bangon ya fara ɓarewa.

Babu wanda ya taɓa ganin Gwani, aikinsa kawai suka gani. Takardar kiranye don gyara da kamfanin da ya ƙera motar ya aiko ta ce wai akwai "ɗan kuskure" a manhajar da ke sarrafa injin sabuwar motarsu: idan ta yi minti ashirin a tsaye ba a taka totur ba, sai injin ya kashe kansa don tattalin mai. Dabara mai kyau ga motar dakon kaya da direbanta ya tafi cin abinci. Motar kashe gobara kuwa a tsaye take aiki, injinta ne ke juya famfo. Ko ɗan shekara bakwai da ya taɓa leƙa gobarar unguwa ya san wannan. Gwani, wanda ya rubuta manhajar, da duk digirinsa, bai sani ba.

Dogo ne ya fara karanta kuskuren, da fatar hannunsa, wata guda kafin takardar ta iso. Yana tsakiyar rumbun katako ruwa ya ɗauke, tiyo ya langwaɓe a hannunsa. Yanzu yatsunsa ba sa rufuwa. Shekara goma sha bakwai yana shiga wuta, an mayar da shi mai gadin totur: ya zauna a mota da agogo, yana takawa lokaci-lokaci kada inji ya mutu. Ranar da ya yi gyangyaɗi ko aka kira shi gefe, wani zai ƙone. Ba su da wata motar, kuma kamfani ya ce layin gyara ba zai zo kansu ba sai nan da wata huɗu.

Shi ya sa da wata matashiya ta shigo da safiyar Talata, rataye da jakar kwamfuta, ta ce gyaran inji ya kawo ta, Oga, shugaban tashar, ya kalle ta sama da ƙasa.

"Ke kaɗai? Maza sun ƙare a kamfanin naku ne?"

"Ni na roƙa a turo ni, ranka ya daɗe."

Baba makanike ya miƙo mata littafin motar. Ba ta ko buɗe ba. Hannunta ya tafi kai tsaye ƙarƙashin sitiyari ta jona wayar kwamfutarta. Tana aiki tana kanne ido, hancinta kamar zai taɓa allon, ga wasu 'yan tabo biyu a karansa. Aka kawo mata shayi, ya huce a inda aka ajiye. Sau ɗaya ta ɗaga kai, lokacin da Dogo ya zo wucewa yana ƙoƙarin riƙe kofi da tafin hannu biyu.

Da sabuwar manhajar ta fara sauka cikin motar, suka ja ta ɗakin canza kaya don ta gaisa da "abokin aikinta".

"Ƙanwata, kin san shi?" in ji Dogo.

"Muna da yawa a can, Yaya."

"To in kin koma ki neme shi. Ki ce mai gadin totur na gaisuwa. Ki tambaye shi ko sanyin ofis bai yi masa yawa ba."

"Wannan ai ko ashana bai iya kashewa ba," in ji Baba makanike. "Na rantse har takardar yabo suka ba shi a kan wannan aikin."

Aka kwashe da dariya. Wani ya tsoma safa a bokiti ya miƙa mata, wai baƙo ma yana da rabo. Ta tsaya tana kallon zanen har dariyar ta fara lafawa. Sannan ta ɗaga hannu ta maka wa Gwani safar da ƙarfin da ya zubo da fenti ƙasa. Ɗakin ya kaure da tafi. Oga da kansa ya ce tun da aka fara bai ga jifa irin wannan ba.

Da azahar aka fito da motar tsakar fili don gwaji. Aka tayar da famfo, ruwa ya miƙe sama. Dogo ya hau kujerarsa, aka ce ya janye ƙafa daga totur. Minti goma. Sha biyar. A sha tara ƙafarsa ta fara neman takawa, ya danne gwiwar da gwiwar hannu. Ita kaɗai ce ba ta kalli agogo ba, leɓenta ne ke motsi, tana ƙirgawa.

Ashirin. Ashirin da ɗaya. Injin na ta gurnani. A talatin Dogo ya sauko, ya taka zuwa inda tiyo yake, ya ɗora tafinsa a kai yana jin bugun ruwan, ya daɗe bai cire ba.

"Allah Ya yi miki albarka, ƙanwata," ya ce. "Da irinki suka ɗauka tun farko maimakon wancan sakaran, da ban rasa hannu ba."

Ta ce amin a hankali, ta naɗe wayarta.

Sai da ta kai tashar bas ta buɗe jaka ta ciro tabaraunta ta sa. Ta zaro wata takarda mai kauri, wadda ta jera sunayen tashoshin kashe gobara ɗari da arba'in a bayanta, ta ja layi a kan na ashirin da uku. Kafin ta mayar, iska ta juya takardar, gabanta ya fito da hatimin kamfani da sunanta da manyan baƙaƙe: shaidar yabo ga sabuwar injiniya, saboda dabararta ta tattalin mai ta minti ashirin.