Shafin Mai Irin Shuka

Tunda ka dage sai da launi za mu fara haɗa shafin intanet ɗin nan, Malam Tanimu, bari in ba ka misali. Wani mai sayar da irin shuka ya koyi haɗa shafin intanet, don manoman ƙauye su san abin da ke shagonsa ba sai sun shigo gari ba. Mutumin akwai son ado. Ya zuba kore da ruwan gwal, ya jera hotuna manya-manya, sunan kowane iri kuma a jikin hoton ya rubuta shi. A kwamfutarsa abin gwanin ban sha'awa. Amma a ƙauye sabis sai an hau tudu, hotunan suka ƙi buɗewa. Manomi ya duba waya ya ga akwatuna fayau, ko harafi babu. Ga hadari ya fara haɗowa, ga iri jibge a shago, wanda in lokacin shuka ya wuce shi ya zama asara. Wani dattijo da ya shigo cin kasuwa ne ya gaya masa gaskiya: "Ɗana, ka aiko mana buhu a ɗaure, ba mu san abin da ke ciki ba."

Maganar ta yi masa ciwo, amma bai yi musu ba. Ya zauna ya tuɓe adon nan kakaf. Kan magana ya sa shi cikin alamar kan magana, irin alamomin nan da ake sawa a farko da ƙarshen rubutu don waya ta san yadda za ta nuna shi, sunayen iri ya jera su da rubutu, duk alamar da ya buɗe sai ya ga ya rufe ta. Kowane hoto ya rage masa nauyi, ya maƙala masa ɗan bayanin nan da ake kira alt, wanda ke fitowa in hoto ya ƙi buɗewa: gero mai saurin nuna, ya dace da jigawa. Launi sai daga ƙarshe, kala biyu kawai, a fayil ɗinsa daban. Abokai suka yi ta tsokanarsa wai shafin ya koma bango ba yaɓe, bai kula su ba. Ya hau babur har ƙauyen, ya tsaya a kwari inda sabis ya fi rauni, ya buɗe shafin a tsohuwar wayar wani manomi. Hoto ko ɗaya bai fito ba, amma manomin ya karanta komai tsaf, ya ce a ajiye masa geron nan kafin ya ƙare. Ba a gama shuka ba sai da shagon ya koma wayam.

Ka ga abin da Hausawa ke nufi da suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai.