Tabarau a Ɗakin Takaba

Ƙarfe huɗu na yamma, hadari ya haɗo, na sa wa Inna tabarau ta gaisa da Yaya Sa'adu. Kwana tara da rasuwar Baba bai zo ba, sai tabarau ya aiko daga Legas.

Tabarau na zamani iri uku ne. Akwai mai ɗora rubutu kan abin da kake gani, akwai mai kawo maka mutum har ɗakinka, akwai mai rufe ido ya kai ka wani wuri. Na ƙarshen ya aiko.

Tana sawa ta buga salati.

"Kai, falonka ne nan? Ina takaba ka fitar da ni daga gidan ubanka?"

Na jiyo muryarsa: "Inna, ai kina ɗakinki."

"Rufe min baki! Ga teku ina gani!"

Ta fizge ta jefar, ta ce kada ya ƙara kiranta.

Daga baya na aro mana tabarau biyu masu kawo mutum, da ƙyar ta yarda ta sa. Yaya ya bayyana tsaye, da takalmi, kan buzun sallar Baba. Fuskarsa take harara, ba ta duba ƙasa ba. Na sunkuya na janye buzun a hankali.