Jan Kifin Matar Kumandan

Ranar da Hajjo mai lalle ta ratsa unguwar Zango da tulun gilashi a ka, har masu daka sai da suka ajiye taɓarya suka leƙo. Ɗan kifi ne a ciki, ja wur, bai fi tsawon yatsa ba. Hajjo kuwa tafe take tana rangwaɗa, gaisuwa ma da gira take amsawa.

Kifin Madam ne, matar Kumandan, Baturen da ke mulkin garin. An ce tun daga ƙasarsu ta zo da shi. Tana kiransa da suna, amma sai ta manna tabarau a jikin gilashin kafin ta gan shi, don idonta ba ƙarfi. Yanzu za su tafi rangadin ƙasar Tanut na sati huɗu, har da kukunsu Kyari. Madam ta nemi mai amana, Kyari ya ce duk Damagaram ba mai iya riƙon wannan kifi sai Hajjo.

Sharaɗin ɗaya ne. Kumandan ya sa a kori masu talla daga ƙofar bariki. In Madam ta dawo ta iske kifinta yadda ta bar shi, gindin tsamiyar da Hajjo ke sayar wa matan soja lalle tun rasuwar mijinta ya zama nata. In ba haka ba, ta naɗe tabarmarta.

Ba tsamiyar kaɗai ke sa ta murmushi ba. Shekara biyu ke nan, duk Jumma'a sai Kyari ya zo sayen lalle, shi da ba mata ba ɗiya. Kuma sai mai kamu sosai yake so. Ya yi ta roƙon ragi, ita ko ba ta taɓa sassauta masa ba, kada ya ɗauka ta faɗa. Kan yatsunsa kullum ja. In ya je Gidimuni gaida uwarsa, har busasshen kifin tafki yake kawo mata. Ƙato da lalle? Hajjo ba yarinya ba ce, ta san mai neman hanyar ganinta.

Ranar tafiya ya ja ta gefe yana waige-waige. "Hajjo, ran Jumma'a fa, abin nan da kika fi kowa iyawa..." Sai Madam ta ƙwala masa kira.

"Tafi can, Babarbare," in ji Hajjo, ta rufe baki da gyale. "In ka dawo ka faɗa gaban mutane."

Ta riƙe kifi kamar ɗan sarki. Ruwan rijiya sai ya kwana a randa ya kwanta kafin ta sake masa rabi. Abinci ɗan tsunkulen burodi, sau ɗaya a yini, yadda aka ce. Ba rana, ba hayaƙin murhu, ga faifai a bakin tulun saboda mage. Mata suka yi ta tururuwa zuwa kallo, kuma ba mai gani sai ta sayi lalle.

Sati na biyu, wutsiya ta fara haske.

Hajjo ta ce ido ne, ta hana kowa shigowa. Ta turara ɗaki. Ta karɓo rubutu wajen malam ta ɗiga a ruwan. Ta naɗe tulun da jan ƙyalle ko kifin zai tuna launinsa. Ta tsare maƙwabciyarta Fanta a bakin rijiya, wadda ta ce "kai, ja ne!" ba ta ƙara da tubarkalla ba, suka yi ta yi har sai da aka raba su.

Kifi dai lafiyarsa lau. Yana ci, yana tsalle, har ya ƙara ƙiba. Jan ne kawai ke zuba. Sati na huɗu ya koma toka-toka, kamar tsohon buje.

Kyari ya riga su Madam dawowa da yini ɗaya don share gida. Hajjo ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mafi kyau. In tsamiya za ta tafi, to ta tafi, amma ba za a ce Hajjo ta ɓuya ba. Ta iske shi bayan madafa, ta dire tulun a gabansa, ta yaye ƙyallen.

"Ga amanarku. Ban rage shi da komai ba, Allah shaida. Gobe da bakina zan faɗa wa Madam. Kai kuma maganar Jumma'ar nan taka, riƙe abarka, ba na son auren tausayi."

Kyari ya dubi kifi, ya dubi zanen. Dariya ta kayar da shi har rawaninsa ya warware. Ya miƙe yana share hawaye, ya jawo ƙoƙo daga bayan tukwane, ya kwance ƙullin da ya saya wajenta kafin tafiya, ya fara kwaɓawa da yatsa.

"Wane aure, Hajjo? Na Madam ai mage ta cinye shi tun bara waccan. Wannan 'yar karfasar tafkin Gidimuni ce na saka a madadinsa, lallenki nake shafa mata duk Jumma'a."