Yatsu Uku

Ina leƙa injin, sai na ga mutum-mutumin Zulaihat ya fito da yatsu uku a hannun dama.

Gadi nake a Bompai, a shagon da inji ke mayar da zanen kwamfuta ya zama abin roba. Masu shiga ko kallona ba sa yi, sai wannan ɗalibar. Wata guda ta yi tana zama gefen bencina tana zana shi, gobe kuma za ta kai wa malamanta.

Ban yi boko ba, amma na san aikin da inji ya ɓata. Na narka roba da kyandir, na liƙa masa yatsu biyu.

Tana zuwa ta dafe kai. "Baba Uwaisu, wa ya taɓa min?"

"Ni ne. Gudun kada su kayar da ke."

Ta sa farce ta ɓalle su. "Haka na zana shi. Ku ne fa, Baba."

Shekara ashirin da shida hannuna na cikin aljihu, tun ranar da injin masaƙa ya cinye min biyu a Sharada. Na zaro shi a hankali, na karɓi ɗan mutumin.